Salomi, Wadda Ta Zauna Kan Zabirar Wanzami

Da sassafe, tun ba a saki awaki ba, Madam Salomi ta share ɗakin awon jarirai na ƙauyenmu, nan gefen Korgom, ta rataye ma'auni, ta fara faɗa da iyayen da suka makara. Ungozoma ce, kuma Allah bai ba ta baiwar raɗa ba. Bana take ajiye aiki, don haka bari mu jinjina mata tana ji.

Ku tambayi kowa labarin ƴar Furera. An haifi yarinyar lafiya lau, sai wani jan tsiro ya fito mata a goshi, yana kumbura kamar ɗan tumatir. Kakarta, Iya Shatu, ta yanke hukunci: uwar ce ta yi kwaɗayin tumatir da ciki aka hana ta. Ta aika a kira Na Allah wanzami ya cire shi.

Salomi ta sha ganin irin tsiron nan. Jijiyoyin jini ne suka cure wuri guda, yawanci ya girma, ya gaji, ya sace da kansa. Masana na can suna binciken ƙwayoyin da ke haifar da shi. Ita dai abin da ya tsinka mata zuciya, in aka sa masa aska, jinin da zai zuba ya fi ƙarfin jaririya.

Da jin labari, ta faɗa gidan tana haki, ta tarar Na Allah ya juya yana wanke hannu. Ba ta tsaya gardama ba. Ta gyara zane, ta zauna daram a kan zabirarsa ta kayan aski. Salomi kuwa, tubarkalla, ba ƙaramar mace ba ce.

"Madam, don Allah, askata na ƙarƙashinki!" in ji Na Allah.

"Ina jin ta, Malam. Tana nan lafiya."

Iya Shatu ta taso. "Ke da gidan mutane? Jikata ce!"

"Jikarki ce, Iya, amma a hannuna ta faɗo."

To, wa zai ja matar mutum? Rana ta take, Salomi na zaune. Aka gaji aka dama mata fura, ta shanye a kan zabirar, har ta nemi ƙari. Sai da uban yarinyar, Isufu, ya tada moto ya ɗauki Furera da jaririya zuwa asibitin Tasawa, sannan ta miƙe. Ƙahon Na Allah biyu da ke cikin zabirar sun fashe.

Lokotoro, wato likita, ya ce kar a taɓa tsiron, a riƙa kawo ta yana dubawa. Yau yarinyar tana lakwal, wato makarantar boko, goshinta sumul, sai ɗan tabo. Iya Shatu kuma yanzu cewa take dama shawararta ce.

Salomi, ke ce kika sha zagi ranar nan, ƙafarki ta yi tsami, ba wanda ya ce miki sannu. Mun gode, Allah ya saka miki. Ku kuma jama'a, in kun ga za a sa wa irin tsiron nan aska, kar ku ce ba ku da iliminta. Allah ya ba kowa mazaunai, ku nemi zabirar ku zauna.