Mai Riƙe Wuta

Kakata ta wajen uwa ba 'yar ƙasar nan ba ce. Daga gabashin Nijar ta zo, ƙasar Mangawa, wani reshen Barebari, a wata shekara da damina ta ƙi, ita da mijinta da jaki ɗaya. Suka zauna a wani ƙauye kusa da Kanya Babba, kuma har ta koma ga Allah Hausarta ba ta miƙe ba. Fulanin unguwa, abokan wasanta, kullum sai sun tsokane ta wai Babarbariya ta zo cin arziki. Ita kuma ba ta barin ko-ta-kwana, sai ta tambaye su wa ya zana musu ƙwaryar da suke tatsar nono a ciki.

Zanen ƙwarya ne sana'arta, na wuta. Ƙarafa ne masu ƙotar itace ake turawa cikin garwashi, in sun yi ja ta ɗauki ɗaya ta ja layi a bayan ƙwarya, hayaƙi ya tashi da wani ƙauri mai ɗaci. Ina ƙarama sosai lokacin, amma har yau in na ji ƙaurin nan sai kewarta ta kama ni.

A danginsu ba a kai yarinya ɗakin miji sai da ƙwarya ɗaya wadda hannun gidansu ya zana. Inna, mahaifiyata, ta sami tata. Ni ma na samu, don Kaka ta zana tawa tun ina firamare ta adana, ta ce ba ta da tabbacin ganin ranar. Ba ta gani ba kuwa.

Da aka sa ranar 'yata ta fari, muna Kazaure inda nake koyarwa, an sayi kuloli da tangaran har ba wurin sa ƙafa. Ni dai ƙwaryar ce ta tsaya mini a rai. Na sami Inna, wadda ke zaune tare da mu, a ɗakinta, na roƙe ta ta zana, sai ta nuna mini hannuwanta da suke rawa don tsufa.

"Ni ban iya zane ba," in ji ta. "Ban taɓa jan layi ko ɗaya ba."

Ashe a kaina abin zai yanke ke nan. Na ƙi yarda. Na karɓi ƙarafan Kaka da ke ƙasan akwatin Inna, na hura kurfoti a bayan gida, na zauna ni kaɗai. Ƙarfe ya huce a tsakiyar layi, kafin ya sake zafi hannuna ya manta inda ya dosa. In na bar shi ya daɗe a wuta kuma, sai ya huda ƙwaryar. Na ɓata ƙorai har maigidana ya fara tambaya ko sana'ar rariya zan fara. Don haushi ranar ko abinci ban zuba masa da kaina ba.

A kasuwar Babura na ga wata dattijuwa daga tsallaken iyaka da ƙorai a gabanta, zanensu sak na Kaka. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata daga inda kakata ta fito. Ta yi mini Barbarci, na kasa amsa ko kalma ɗaya, sai ta dafa hannuna ta koma Hausa. Da na so, da na saya na huta, amma ba hannun gidanmu ba ne. Na kwashe labarin ƙoraina na faɗa mata.

"Ke kaɗai kike yi, 'yata? Wa ke riƙe miki wuta?"

Ta ce aikin na mutum biyu ne. Ɗaya tana zane, ɗaya tana gindin wuta tana fifita, tana juya ƙarafa, ta miƙo mai zafi kafin na hannu ya huce. A wajensu 'ya ce ke riƙe wa uwa wuta, har ranar da uwar za ta miƙa mata ƙarfe.

Ina isa gida ko mayafi ban cire ba.

"Inna, wa ke riƙe wa Kaka wuta?"

"Ni mana. Wa kuma?"

"Amma kika ce ba ki iya ba?"

"Zane kika tambaye ni." Sai ta ƙara da cewa, "An kawo ni Kazaure gidan babanku tun kafin ta miƙa mini ƙarfe."

Washegari da hantsi muka zauna a tsakar gida. Ta raina gawayina, ta aika aka samo na itacen ƙirya wajen maƙera. Da mafici ya shiga hannunta sai ta koma wata daban, har da faɗa. Kafin na buɗe baki ta ce, "Karɓi," kafin na gama layi wani ƙarfen yana jira. Na zana abin da nake iya tunawa, a karkace.

Da na gama ta juya ƙwaryar a cinyarta, ta taɓe baki.

"Da Kaka ta ga wannan, da ta ce a zuba wa kaji ruwa a ciki."

Bakin ƙwaryar ne kawai ya rage ba zane. Ta daɗe tana shafa shi da ɗan yatsa. Sai ta kira amarya daga ɗaki, ta miƙa mata mafici, ta ce ta zauna ta riƙe wuta. Ta juyo wajena.

"Ba ni ƙarfen nan."

Na ba ta, idona cike da hawaye. Layin ya yi ta rawa har ya zagayo ya haɗe. Shi ne na farko da ta taɓa ja a duniya, kuma da shi aka kai jikarta ɗaki.