Kaskon da Kuku Ya Roƙa

Shekara ashirin da takwas Kuku ya yi a gidan abincin nan, kuma bai taɓa barin wani ya wanke masa kaskonsa ba. Na baƙin ƙarfe ne, mai nauyi, sai da hannu biyu ake sauke shi daga wuta. Ranar da ya kama aiki ya tsince shi a ƙarƙashin kanta, tsatsa ta mayar da shi ja wur. Ya dirje shi da gishiri, ya shafa mai, ya gasa, ya sake shafawa, har mako guda. Tun daga nan baƙinsa yake ƙara zama, har ya kai ƙwai na zamewa a kai ba ya kamawa.

Masu wanke-wanke sun san dokar ko ba sa so: ba a jiƙa shi, ba a kai masa soson ƙarfe. Da Kuku ya gama suya, kaskon na da sauran zafi, zai ɗauraye shi da ruwa kaɗan, ya mayar wuta ya bushe, ya ɗiga mai a tsumma ya bi ko'ina har mariƙi. Matarsa takan ce da ita ake yi wa wannan shafar, da har yau ba ta tsufa ba. Shi kuma ya ce ai kaskon ba ya mayar da magana.

Da mai gidan abincin ya rasu, ɗansa ya karɓi wurin. Matashi ne mai fara'a da gaisuwa har ƙasa, irin waɗanda ke sauraronka da murmushi alhali ba abin da ke shiga kunnensu. Ya sa tayil a kicin, ya kawo kasake marasa nauyi masu sheƙi, sannan ya kira Kuku ofis.

"Baba, ka yi ƙoƙari, lokacin hutu ya yi. Me kake so mu yi maka?"

Kuku bai ja ba, gwiwoyinsa sun riga sun faɗa masa haka. Har ya kafa rumfa a ƙofar gidansa, da tebur da benci, inda zai riƙa soya ƙwai da kifi don rufin asiri. Kaskon kaɗai ya rage.

"Kaskona kawai za ka ba ni," in ji shi.

"Wannan baƙin? Shi ke nan? Bar min wannan, Baba, za ka sha mamaki."

Kuku bai faɗi abin da zai yi da shi ba. Kunya ya ji yaron da aka haifa a gabansa ya san zai koma suya a bakin titi. Wannan kunyar ce ta cuce shi.

Kwana uku kaskon ba ya kan ƙusar da ake rataye shi. Ranar sallama ma'aikata suka taru, aka raba lemo, aka miƙa masa kwali naɗe da takarda mai ƙyalli. Daga nauyin ya gane, har ya yi murmushi. Ya buɗe. An goge kaskon da inji, an fesa masa fenti ruwan azurfa, an huda tsakiyarsa an sa hannayen agogo, ga lambobi a jere.

"Yini guda mai walda ya yi kafin ya cire dattin nan," in ji matashin, yana alfahari. "Ka ga yadda ya fito?"

Datti ya kira shi. Aka tafa, aka ɗauki hoto. Kuku ya ce ya gode, Allah ya saka da alheri. Me zai ce? Da mugunta aka yi masa da ya san wanda zai zaga, amma alheri ne, kuma kowa na kallon bakinsa. Ya ɗauki kwalinsa ya tafi gida.

Matarsa ta kalli abin ta ce, "To, ko ba komai yanzu za mu riƙa sanin lokaci."

Washegari Kuku ya cire hannayen agogon ya jefa a kwandon shara. Ya kai wa mai walda na unguwarsu ko zai liƙe hudar. Mutumin ya juya kaskon, ya ce, "Baba, irin wannan ƙarfen in ya ji walda tsagewa yake yi. Ban ba ka shawara ba."

Duk da haka Kuku ya zauna a rumfar ya kankare fentin tas. Ya dirje da gishiri, ya shafa mai, ya gasa, kamar ranar farko. Matarsa na kallo daga ƙofa, ba ta hana shi ba. A kwana na bakwai baƙin ya fara dawowa. Ya ɗora kaskon a wuta, ya zuba mai cokali guda, ya tsaya da ƙwai a hannu.

Man ya gangara tsakiya, ya bi hudar, ya ɗiga cikin wuta.