Ma'azu da Bahaguwar Motarsa

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Bagudo da Lolo kafin a ƙirƙiro jihar Kebbi ya san Ma'azu Bahago. Dogon Bafillace ne marar yawan magana, haifaffen wata ruga kusa da Lafagu. Tun yana yaro hannunsa na hagu ke riga na dama zuwa ko'ina, ya kuwa sha duka a kan haka, a bakin akushi da makarantar allo, har wurin tatsar nono. Ya koyi cin tuwo da dama, ya koyi gaisawa da dama, amma duk aikin da ke son ƙarfi, hagun ke tashi da kansa.

Lokacin da fari ya cinye yawancin shanunsu, sai ya shigo gari ya koyi tuƙi. Daga baya ya sayar da bijiman da suka rage masa, ya sayi wata tsohuwar babbar mota, roka mai bodin katako.

A makon farko tayarta ta baya ta ɓangaren hagu ta sace, ya lallaɓa da ita rumfar Oluwole mai faci a bakin tasha. Oluwole Bayarabe ne da ya zo Bagudo yana saurayi, Hausarsa ta koma ta Kabawa sak. Ma'azu ya ɗora sifana a kan noti, ya danna, ya hau da ƙafa, ya yi tsalle, noti sai ƙara ƙamewa yake yi. Oluwole yana zaune a kan wata tsohuwar taya yana ta dariya.

"Bahago, ashe ba ka gane 'yar'uwarka ba? Wanga gehe baya-baya aka kwance shi!"

Ya nuna masa cewa a irin waɗannan tsofaffin motoci, ƙusoshin da ke riƙe ƙafafun hagu haƙoransu a juye suke, don kada juyin taya ya riƙa sassauta notin. Ma'azu ya juya sifana ɗaya ɓarin, noti ya saki kamar da ma jira yake yi. Ya daɗe riƙe da shi a tafin hannu. Bai taɓa ganin abin da aka yi bahago da gangan ba, wai kuma don a tsare rayukan mutane. Kafin wata ya ƙare ya sa an rubuta Bahaguwa da jan fenti a goshin motar.

Shekaru suka yi ta tafiya. Bahaguwa ta ɗauki shinkafa da albasa da busasshen kifi, ta ɗauki masu zuwa biki da masu zuwa ta'aziyya. Ranar kasuwar Lolo tun daga nesa ake gane kukanta. Ba ya yarda kowa ya taɓa ƙafafunta na hagu sai shi.

A daminar 1991 rediyo ya ce an raba Kebbi da Sakkwato. Tasha ta kaure da odar motoci, ana ta musun yadda sabuwar lambar mota za ta kasance. Shi kuwa Ma'azu wani abu ne ya dame shi: ramukan hanya sun tsaga masa wili biyu na baya, ƙarafan da taya ke zama a kai, duka a hagu. Ya aika Jega, ya aika Sakkwato, aka ce an daina kawo irinsu. Sai ya tsallaka Malanbil a ƙasar Binin, ya dawo da wasu sababbi fil. Ya ƙirga ramukansu, sun yi daidai da ƙusoshinsa, cibiyarsu ma ta zauna.

Oluwole ya zura yatsa cikin rami ɗaya, ya girgiza kai.

"Dibi nan. Notinka baki garai mai tsini, rami mai kwarmi yaka zama ciki. Wanga kau shimfiɗe yake, sai noti mai faɗin gindi. Irin wanga noti kuma duk na dama aka yin su. Dole a fidda ƙusoshin hagu a sa na dama."

"A fidda su? To mi za ya rage mata?"

"Inji da taya, Bahago. Aure kunka ɗaura da noti?"

Ma'azu bai yi dariya ba. Ya mirgina wilinsa gida, ya ɗaura su da tsofaffin notinsa, ya ƙulle iya ƙarfinsa.

Ranar kasuwa ya yi lodi a Lolo, mata suka hau saman buhunan shinkafa da 'ya'yansu a goye. Matarsa Mairama, wadda ta je sayar da man shanu, tana gidan gaba. Suna cikin tafiya sai aka fara jin ƙwas, ƙwas daga baya. Ya yi kamar bai ji ba. Ƙarar ta ƙaru, bodin ya fara rangaji.

Mairama ta ce, "Malam, in kai da ita kunka yi alkawalin mutuwa tare, tsaya mu sauka."

Ya tsaya. Notin duk sun sassauta, ɗaya ma da yatsa ya juya shi, bakin ramukan ya fara cinyewa. Ya ɗaga kai, ya ga wata yarinya tana leƙo shi daga saman buhu tana cin rake. Ya ƙulle notin, ya ja motar a hankali kamar mai kora saniya mai ciki, yana tsayawa yana dubawa, har rumfar Oluwole.

"Fidda su," in ji Ma'azu.

Da aka ɗaga guduma sai ya wuce masallacin tasha, ko da yake la'asar ba ta yi ba. Har can yana jin bugun.

Oluwole ya tara masa tsofaffin notin cikin gwangwanin madara. Mairama ta ɗaura ɗaya a bakin guganta don ya riƙa nutsewa da sauri, sauran suka watse a gidan. Aka canja lambar motar zuwa ta Kebbi, amma jan fentin goshinta Ma'azu bai bari an taɓa ba, har ya koɗe da kansa.

Bahaguwa ta ƙara shekaru masu yawa a hanyar Lolo, ƙafafunta ba su sake ƙara ba. Sai dai hannun Ma'azu bai taɓa sabawa ba. Duk ran da zai kwance tayar hagu, baya-baya yake fara danna sifana, ya hau da ƙafa, noti yana ƙara ƙamewa. Oluwole, wanda shi ma furfura ta rufe shi, sai ya ɗaga murya daga cikin rumfa.

"Ɗaya gehen, Bahago! Ai ta tuba tuni!"

Ma'azu yakan sauko, ya share gumi, ya juya sifanar.

"Ita tat tuba," yakan ce. "Ba ni ba."