Robar da ta lanƙwashe a fatar cikina

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a shafin nan ba. Abin da zan faɗa yau kuwa, ko 'yan uwana na Kano ba su san shi duka ba.

A shekarun casa'in ne, muna zaune a unguwar Park Hill, tsallaken ruwa daga Manhattan, ni da maigidana Malam Sani, yana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Manhattan. Da ƙishirwa abin ya fara. Fitsari ba ƙaƙƙautawa, zane yana zamewa daga ƙuguna. Aka gwada jini, aka ce ciwon suga ne, irin wanda sai da insulin har ƙarshen rai.

Na yi ɓari sau biyu. Da na samu ciki na uku, likitata ta ce allurar safe da yamma ba ta riƙe sugan yadda take so, ta sa aka ɗaura mini famfon insulin. 'Yar na'ura ce da nake maƙalawa a ƙugu, da siririn tiyo, a ƙarshensa akwai 'yar roba da ake cusawa ƙarƙashin fatar ciki a manne da filasta. Tsada gare ta. Inshorar aikin Malam ta ɗauki mafi yawa, sauran muka yi ta biya a hankali.

Duk kwana uku ake cire robar a sa sabuwa a wani wuri. Sawar ba ta dame ni ba, cirewar ce tashin hankalina. Filastar takan kama fata ta ƙi saki, in ta fita ta bar wurin ja zur yana raɗaɗi. Kullum Malam ke cire mini, ni ina kallon bango.

Wata safiya, cikin yana wata bakwai, Malam ya fita da wuri don ya samu jirgin ruwan da ke haye da shi wurin aiki. Na fara amai, na ɗauka laulayi ne ya dawo. Na gwada suga, ya hau. Na ƙara insulin ta famfon, na jira, na sake gwadawa. Ya ƙara hawa. Wurin robar ya kumbura, ya ɗau zafi.

Abin da ke cikina, wanda ya saba shure-shure da safe, ya yi tsit.

Sai maganar nas ɗin da ta koya mini na'urar ta faɗo mini: "In suga ya hau sau biyu a jere, kada ki yarda da famfon. Ki cire robar ki duba, ki yi allura da hannu."

Na kasa. Na buga waya wurin aikin Malam, aka ce bai iso ba. Na dafa bango har ƙofar maƙwabciyata Mma Adiza, 'yar Kumasi, wadda a Hausarta ta Zango kowa "kai" ne, mace ko namiji.

"Ni ban san wannan abu ba," ta ce, "amma zan riƙe ka. Ka faɗi abin da zan kawo."

Ta kawo ruwan ɗumi da man jarirai. Na tsayar da famfon, na jiƙa gefen filastar, na danne fatar da hannu ɗaya ina ɓamɓarewa kaɗan-kaɗan, Mma tana bayana tana ta salati. Da na zaro robar sai ga ta a lanƙwashe, mugunya ta biyo ta. Ashe insulin ya daɗe da daina shiga jikina.

Na yi allura a cinya, ita kuma ta kira motar asibiti.

Aka sa mini ƙarin ruwa da insulin ta jijiya, ana ta ɗibar jini. Aka ɗaura wani bel a cikina don jin bugun zuciyar jaririn. Nas tana matsar da shi nan da can tana neman sautin. Malam ya shigo da gudu, ya tsaya bakin gado, leɓensa kawai ke motsi.

Can sai ga sautin, da sauri-sauri. Malam ya zauna dirshan a ƙasa.

Likita ta ce da ni, "Jininki ya fara gurɓata. Da kin jira mijinki ya dawo da yamma, da wata maganar ake yi."

Aka tsaga kumburin, aka ɗora ni kan magani. Kafin a sallame ni na roƙi nas ta tsaya a kaina in cire robar da kaina, har sai da na iya.

Na haihu lafiya, mace. Hadiza muka sa mata, sunan Mma Adiza yadda muke faɗinsa a Kano. Yau ita ma tana da nata 'ya'yan. Ciwon suga bai rabu da ni ba, amma muna nan.

Alhamdu lillahi. Allah Ya saka wa likitocin nan da Malam da alheri. Mma ta rigaye mu, Allah Ya jiƙanta.

Mai ɗauke da irin wannan na'ura, kada ka bar roba ta wuce kwanakinta. Ka wanke hannu, ka jiƙa filasta, kada ka fizge. In ka cire, ka dubi robar, ka dubi wurin. Ja, kumburi, mugunya, ko suga mai hawa da amai, maza asibiti. Ka ajiye allura kusa, ka bi abin da likitanka ya ce.

Kuma komai son da mai taimakonka ke yi maka, ka koyi cirewa da hannunka. Akwai safiyar da ba zai kasance a gida ba.