Gadin Randa

Wata Laraba ce, a daminar da na cika shekara tara, gero ya fara fid da kai a gonakin Rawayau, aka ba ni aikin da har yau yake ci mini rai: gadin randa. Ƙanwata Hansai, 'yar shekara uku, ta kwana biyu tana zawo, har da majina da jini. Goggo Dije, yayar babanmu, wadda ba a musu da ita a gidan, ta ce, "Ruwa ke ƙara shi. A hana ta, cikin zai tsaya." Ta kifa faifai a bakin randa, ta zaunar da ni, mata suka koma surfe. Ruwan nan kuwa ni nake ɗebo shi kowace safiya daga tafkin bayan gari, inda shanu ke sha, inda muke iyo.

Hansai da ke gudu har ƙofar gida, ran nan da rarrafe ta zo. Idanu sun faɗa, leɓe ya bushe. "Yaya, ruwa." Na ɗauke ta na mayar kan tabarma, har sau uku, ina jin kaina babban mutum. Kafin la'asar ɗin Juma'a an kai ta makwancinta.

Sai da fatauci ya kai ni Kartum sannan wani likita ya warware mini lamarin da Larabci, ina jinyar irin ciwon. Ƙwayar cutar da ke cikin ƙazamin ruwa takan sauka a hanji ta saki dafi. Jiki ya tashi yaƙar dafin, hanji ya kumbura ya yi ja, ruwan jiki ya yi ta zuba. Abin da ake so a riƙa mayar da ruwan: tafasasshe, da ɗan gishiri da sukari. Gishiri na ɗakin Innarmu. Sukari na teburin ƙofar gida.

Goggo ba ta sani ba, Allah ya jiƙanta. Amma bara, a Dutsin-Ma mai jami'a da kemis a kowace kwana, na shiga keke napep da wata yarinya, ɗanta ya langaɓe a cinyarta. "Haƙori ne, Baba," ta ce, "na ma rage masa ruwa." Na yi mata faɗan da ban taɓa yi wa 'yar wani ba, na sa mai keke ya juya asibiti, na buɗe goran ruwana na miƙa mata. Yaron ya kama da hannu biyu yana sha.

Haka Hansai za ta kama, da na ɗaga faifan nan.