Ajin da Aka Yi wa Monita Biyu

Kawuna malamin firamare ne, kuma ko a gida bai san an tashi daga aiki ba. Yaro za a aika kanti, sai ya ce a ɗaga hannu a ga wa za shi, har innarmu ta laƙaba masa suna Ƙuri'a. A ajinsa yara ke zaɓen monita da kansu. Gwangwanin madara ne akwatin zaɓe, a ƙirga a gaban allo, wanda ya faɗi ya miƙa wa mai nasara hannu ko da hawaye a idonsa.

Sai rikicin ƙabilanci ya ɓarke a garin. Aka ƙone kasuwa, aka rufe makaranta. Da aka dawo, 'ya'yan wannan gefen titi suka zauna ta taga, na tsallake suka zauna ta ƙofa, ba tare da kowa ya sa su ba. Ranar zaɓe ƙuri'u suka rabu yadda bencina suka rabu. Yarinyar da kowa ya san ta fi cancanta ta sha ƙasa, don nata ba su da yawa. Aka ba hammata iska, washegari iyaye suka zo da zafinsu.

Hedimasta ya ja Kawu gefe ya ce, "Malam, ka rufa mana asiri. Wutar nan ba ta gama mutuwa ba."

Kawu ya ajiye gwangwani. Ya naɗa monita biyu, kowane ɓangare da nasa, wai kafin ƙura ta lafa. Ƙura ta lafa, tsarin ya yi zamansa har Kawu ya yi ritaya. Ban ga laifinsa ba, ya hana a fasa kan ɗan wani. Amma abin yana yi mini ciwo.

Bara wani tsohon ɗalibinsa mai neman kansila ya zo gaishe shi, ya durƙusa har ƙasa. Kawu ya washe baki, ya tambaye shi me ya tanadar wa mutanen tsallaken titi.

Ya ce, "Ai suna da nasu, Malam. Ni nawa nake nema. A ajinka muka koya, kowa ya riƙe nasa a zauna lafiya. Allah ya saka maka da alheri."

Da baƙon ya roƙi ya sa masa albarka, sai Kawu ya sa masa, don yaron bai yi masa ƙarya ba.