Madu Mai Wankin Hula da Wasannin da Ba Su Ƙare Ba

Shekara goma sha tara muna rumfa ɗaya da Madu a unguwar Mafoni, ni ina sayar da goro, shi yana wankin hula. Gajeren mutum ne, ba ya son surutu. Zai jiƙa hula, zanna ko bama, ya goge ta da buroshi, ya sa mata sitaci, ya ɗora ta a kan gungume ta sha rana. Haka kullum. Na ɗauka na san shi ciki da waje. Ashe ban san komai ba.

A gaban rumfarmu akwai dalbejiya, a gindinta ake wasan ces, darar nan ta Turawa mai sarki da sarauniya da dawaki da sojoji. Malam Nicodemus ne ya kawo mana ita, tsohon malamin makaranta ne daga kudancin Borno, da ya yi ritaya ya rasa abokan wasa sai ya koya wa 'yan unguwa. Dokar gindin bishiyar ɗaya ce tak: ba ka tashi sai an kama sarkinka, don 'yan kallo su samu abin tsokana. Madu kuwa kowa na cinye shi. Kafin shayi ya huce an gama da shi.

Wata rana Malam Nicodemus ya dawo daga kasuwa da wani tsohon littafi da ya tsinta a tarin takardun masu ƙosai. Wasannin wani gwanin ces ne na wata ƙasa mai nisa, ɗari da goma sha biyu, duka waɗanda ya ci. Harshen littafin ko Malam bai iya ba, amma tafiyar wasan an rubuta ta da hoton kowane ɗa, da harafi, da lamba. A bango ga mutumin ya zabga tagumi, sai muka sa masa Mai Tagumi. Madu ya roƙi aron littafin. Malam ya nuna masa yadda ake bin alamomin a yammaci ɗaya, ya ce, "Riƙe shi, Madu, ko ka yi matashi da shi."

Madu ya sassaƙa 'ya'yan wasa da guntun katako, ya zana gidajen a kan kwali. Daga ranar ya daina zama a gindin bishiya. In huluna suna shanya, yana bayan rumfa da kwalinsa. Shekara uku. Wani lokaci in gan shi kwana da kwanaki a shafi ɗaya, in ce, "Madu, shafin nan ya kama ka ne?" Sai ya ce, "Baba Habib, Mai Tagumin nan mugun malami ne." Ban tambaye shi me yake nufi ba. Da na tambaya.

A shekara ta ukun hannuwansa suka lalace. Sabulu da sitaci sun cinye fatar, ta tsattsage, wani lokaci har jini ya ɗiga a hular mutane. Likita ya ce in bai raba hannunsa da ruwan wanki ba, abin zai kai inda ba ya so. Ga iyali, ga 'yarsa Siddiƙa tana makaranta. Wata sana'ar kuma bai iya ba.

Ana cikin haka wata mata mai suna Gloria, shugabar wata makarantar firamare a Gomari, ta zo wurin Malam Nicodemus tana neman wanda zai riƙa koya wa yaranta ces. Malam ya ce shi ƙafa ta gaza, amma a haɗa gasa ranar Asabar a gindin dalbejiya, wanda ya ci a ba shi aikin. Labari ya bazu. Mutum takwas suka ba da suna, har da wani saurayi, Garzali, ɗan 'yan kasuwar Kano da ke Maisandari, wanda ya gama jami'a kuma ya je gasa har wasu jihohi. Na takwas ɗin Madu ne. Da aka kira sunansa wani ya ce, "Ya Madu, hular wa za ka wanke mana a kan allo?" Aka yi dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini.

Dariyar ba ta kai azahar ba. Wanda ya yi tsokanar shi Madu ya fara kamawa. Na biyu, wani tela da ya shekara yana cinye shi, ya zauna baki buɗe yana kallon sarkinsa a lungu. Na kasa gane abin da nake gani. Madu ba ya sauri, ba ya buga ɗa da ƙarfi. Sai dai idan allo ya fara zama fili, 'ya'ya suka ragu, sai ka ga kamar ya shigo tsakar gidansa.

Bayan la'asar ya rage shi da Garzali. Gloria ta ce a sani tun yanzu, in aka yi kunnen doki mai takardar shaidar karatu za ta ɗauka, don iyaye suna tambaya. Madu ya gyaɗa kai, yatsunsa naɗe da tsumma.

Da farko Garzali ya matse shi, yana wasa yana duba waya. Can ya ajiye wayar. Can ya cire hula. Aka yi ta musayar 'ya'ya har allo ya kusa zama wayam, sojan Madu ɗaya ya yi nisa yana neman ƙarshen allo, inda zai zama sarauniya. Garzali ya daɗe yana kallo. Sai ya sa yatsa ya kwantar da sarkinsa, ya miƙa wa Madu hannu.

Madu bai karɓa ba. Ya ɗauki sarkin ya tsayar. "Ya faɗi," in ji shi.

"Ba faɗuwa ya yi ba, Baba, na sallama."

"Ka me?"

Malam Nicodemus ya ce, "Ka ci, Madu. Haka ake yi a gasa. In gwani ya ga ba mafita, ba ya jira a kama sarkinsa, sai ya sallama. Ba ka gani a littafinka ba? Ai kusan duk wasannin haka suka ƙare."

Ban taɓa ganin fuskar Madu haka ba. Ya ce, "Malam, ƙarewa suka yi?"

"To da me ka ɗauka?"

"Na ɗauka yanke su ya yi. Kamar malamin da zai ja maka farkon karatu ya ce ƙarasa."

Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ya ce akwai shida irinsa a gida. Malam ya buɗe. Alamomi ne cike, da rubutun wanda bai saba riƙe biro ba. Ashe duk inda wasan Mai Tagumi ya tsaya, daga nan Madu yake ɗauka. Ya buga wa wannan gefe, ya zagaya ya buga wa wancan iyakar wayonsa, har sai ya ga yadda za a kama sarkin. Wani wasan ya ci masa kwana arba'in. Malam ya zauna a kan bencina ba tare da ya duba ba, ya danne mini goro. "Shekara uku," yake ta cewa. "Ni na manta in gaya maka. Ni."

Gloria ta ce to an gama, a zo ranar Litinin. Na saki numfashi. Sai na ji Madu ya ce, "Hajiya, ban ci ba. Sarkinsa yana nan da rai."

"Ni ba Hajiya ba ce, kuma ka ci."

"In yaro ya tambaye ni yaya na ci, in ce masa me? In ce mutumin ya gaji?"

Garzali ya yi murmushi. Ya ce, "In Baba yana so mu ƙarasa, na janye sallamar. Amma in ya yi kuskure, aikin nawa ne."

Na ja rigar Madu. Na ce, "Kai, dubi hannunka. Dubi hannunka, Madu! Aiki ya zo har aljihunka za ka fitar da shi?" Ya dubi hannun, wallahi ya duba. Sannan ya ce wa Garzali, "Bismillah."

Ba wanda ya ƙara tsokanar kowa. Mai shayi ma ya bar wutarsa. Suka yi tafiya biyar, shida. Sai Garzali ya turo babban ɗansa na ƙarshe ya ajiye shi a bakin sarkin Madu, kyauta. Tela ya kasa daurewa ya ce, "Ci mana!" Ni ma zuciyata abin da take faɗi ke nan. Madu ya matsar da sarkinsa gefe, ya ƙi ci. Garzali ya sake turowa. Ya sake ƙi. Na ce shi ke nan, rana ta taɓa shi.

Malam ya raɗa mini a kunne cewa tarko ne. Da ya ci, sarkin Garzali zai rasa gidan motsi alhali ba a kai masa hari ba, kuma wannan kunnen doki ne.

"Na san wannan," Madu ya ce, ba da kowa yake ba. "Kwana tara ya ci mini."

Sau huɗu aka miƙa masa, sau huɗu yana zamewa, har sarkinsa ya samu inda ya fake. Sojan ya isa ƙarshen allo. Bayan tafiya goma sha ɗaya aka kama sarkin Garzali a tsakiyar fili, kowa na gani. Saurayin ya daɗe bai tashi ba. Da ya tashi bai miƙa hannu ɗaya ba, biyu ya haɗa, ya riƙe tsumman yatsun a hankali.

Ranar Litinin na raka Madu a keke mai ƙafa uku har Gomari. Aka ba shi takardar cikewa, ya juya ta gaba da baya. Gloria ta karɓa ta cike masa da kanta. Da ta zo wurin shaidar karatu ta tsaya da biro a sama, sannan ta rubuta wani abu gajere, ban san ko mene ne ba.

Wata biyu fatar hannunsa ta haɗe. Gungumen hulunan ya bar wa ƙanin matarsa, wanda har yau bai iya sa sitaci ba, masu hula kuma ni suke kawo wa ƙara.

Makon jiya Gloria ta aiko a kira mata Malam Nicodemus, wai ya zo ya yi wa Madu magana. Wai an buga ƙararrawar tashi, iyaye da masu keke suna ƙofa suna ta hon, yara ashirin sun ƙi fitowa daga aji saboda akwai sarakunan da ba a kama ba tukuna. Malam ya ce ƙafarsa na ciwo, ni in je. Ban je ba.